Takalmi Lamba Arba'in da Uku

Litinin, 1 ga Satumba

An manna sanarwa a ƙofar ofis, ana neman shugaban shif na ɓangaren injina. Intabiyu a Nuwamba, kuma sai wanda ya yi wata biyu yana aiki a ƙasa. Na karanta na wuce abina. Shekarata huɗu a kamfanin sabulun nan, ina lab a sama ina auna kumfa da ƙamshi, injinan ta taga kawai nake ganinsu. Duk matan haka muke. Ba a shiga ƙasa sai da takalmi mai ƙarfe a baki, mai sito kuwa na maza kaɗai yake kawowa, daga lamba arba'in da biyu zuwa sama.

Sabon takalmina ya sake cin ɗan yatsana.

Laraba, 3 ga Satumba

Yau Antin Lab, shugabarmu, ta ja ni zaman da matan kamfani suke yi duk Laraba lokacin cin abinci. Na daɗe ina zillewa, a raina majalisar gulma nake kiransa. Ashe maganar sanarwar ce. Shugaban shif ne ke sa hannu a odar kayan kariya, in mace ta samu kujerar, maganar takalmi ta ƙare. Wadda ta fi cancanta ita ce 'Yar Firit ta ofishin gyara. Aikin injina ta karanta, amma lamba talatin da shida take sawa, kuma fiye da shekara mai sito yana ce mata an sa a oda.

Ana cikin haka na ga Anti ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ta ɗago ta ce, "Ke, lamba nawa kike sawa?"

Na ce arba'in. Ta ce in cire. Wallahi ji na yi kamar in nutse. Tun ina yarinya Yaya yake kiran ƙafafuna kwale-kwale, shi ya sa siket ɗina duk har ƙasa, takalmi kuma na cusa-ka-daure. Na cire, suka ga ƙurajen dunduniya. Na faɗi gaskiya da ƙaramar murya: arba'in da uku.

Dariya nake jira, sai na ji tafi. 'Yar Firit har da rawa da cokali a hannu. Ban taɓa ganin mutanen da suka yi wa ƙafa murna haka ba. Na ce ni fa ban san komai a inji ba. Ta ce, "Ƙafa taki, kai nawa." Na ce ai ni ma ina da kai, sai Anti ta ce to gobe a gani.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na je sito. Maza cike a bakin kanta, mai sito kuma kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, sai da na faɗi lambar da ƙarfi. Ya ce, "Na maigidanki ne?" Na ce nawa ne. Ya leƙo ta saman kanta ya duba, ya koma ciki ya ɗauko mini.

Na sa. Yatsuna suka baje kowa ya samu ɗakinsa. Ashe haka mutane suke ji in suna tafiya? Na hau bene na sauko ba tare da wani dalili ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Ranar farko a ƙasa. Ƙara kamar kaina zai rabe, ƙasan kuma santsi. Kafin in sauka Anti ta gargaɗe ni: za su miƙo mini tsintsiya ko biro, don a ganinsu mutunci ne, kada in karɓi ko ɗaya sai an tsayar da ni gaban inji. Haka kuwa aka yi. Shugaban shif mai barin gado, dattijo mai kirki, ya ce in zauna a inuwa in riƙa rubuta musu lissafin katan. Na ce, "Baba, na gode, amma injin yanka nake so ka nuna mini." Ya sosa ƙeya, sannan ya nuna mini.

Na dawo gida ina warin sabulu har cikin gashi. Inna ta ce ko ba komai an huta da sayen turare.

Juma'a, 12 ga Satumba

Hannuna ciwo, bayana ciwo, ƙafata lafiya lau.

Talata, 23 ga Satumba

Kullum lokacin hutu 'Yar Firit tana tsayawa a tagar lab, ni ina ƙasa, muna waya. Ta nuna da yatsa, ni in taɓa, ta ce wannan bel ne, wancan ne ke tura sabulu, in ya yi kuka kaza to ya bushe. Mazan sun zata saurayi ne yake kirana.

Na tambayi Anti me ya hana 'Yar Firit cusa tsumma a babban takalmi ta sauko. Sai ta ja hannun rigarta ta nuna mini tabon ɗinki a wuyan hannu. Ita ta yi haka tana sabuwa. Takalmin ya zame, ta faɗi ta karye, aka yi shekaru ana cewa ai an gwada mace. Ta ce ba za ta bari wata ta sauka da takalmin da ba nata ba. Duk tsawon zamana a ƙarƙashinta ban taɓa lura da tabon ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na tsayar da layin injina yau! Sabulun yana fitowa da laushi, na taɓa na ji ruwa ya yi masa yawa, abin da nake aunawa a lab kullum. Na danna jan maɓalli kafin in yi tunani. Wuri ya yi tsit, kowa ya juyo. Baba ya zo ya latsa guda ɗaya, yatsansa ya shige. Ya ce a gyara, ya ba ni rabin lemonsa. Da na ɗaga kai, ga matan jere a taga, har nas ɗin kilinik, suna ɗaga mini hannu kamar na ci kofi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Jiya ba daɗi. Na ji wani cikin masu neman kujerar yana cewa ai ni ba a lissafa ni cikin mata, a duba ƙafar. Aka yi dariya. Na shiga banɗaki na yi kuka kamar 'yar firamare. Na hau sama na ce musu na fasa, a nemi wata.

'Yar Firit ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Wata wa? Ni da ana sayar da ƙafarki da tuni na saya." Idonta ya kawo ruwa, ta juya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sai a lokacin na tuna kujerar nan tata ce, ta ɗauki duk abin da ta sani ta ba ni kyauta ta taga.

Litinin zan sauka.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Wata biyu sun cika. Mun yi gwajin intabiyu a bayan lab. Nas ta zana gashin baki da biro ta zama manaja, tana hura hanci tana tambayata wa zai riƙe mini gida in aka sa ni shif ɗin yamma. Na fara bayanin Inna da ƙannena, Anti ta buga tebur. Ta ce wannan tambayar amsarta gajera ce, in ce an shirya, sai in koma maganar inji. Muka maimaita har na daina ba da haƙuri kafin in yi magana. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Laraba, 19 ga Nuwamba

An yi. Sun yi tambayar gidan kuwa, kusan kalma da kalma. Saura kaɗan in fashe da dariya, don gashin bakin manajan bai kai na nas kyau ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na samu.

Na kira Yaya na ce masa kwale-kwale ya kai gaɓa. Ya ce dama shi ya san za su yi amfani wata rana. Maƙaryaci.

Takardar farko da na sa wa hannu ta sito ce, odar takalman mata. Mai sito ya karanta ya ce waɗannan lambobin ai na yara ne, ko ana yinsu ma? Na ce ana yi, Anti ta riga ta samo kamfanin da ke sayarwa.

Alhamis, 11 ga Disamba

Kwalayen takalma sun iso. 'Yar Firit ta ɗaure igiyar nata a saman bene, ta sauko a hankali tana buga kowace matakala don a ji ƙarar ƙarfen. Ta wuce ni, ta wuce Baba da ya zo bankwana, ta je ta ɗora tafinta a jikin injin yanka ta tsaya. Sannan ta ce bel ɗin ya saki, wa yake kula da shi? Ni ce.

Akwai kwali ɗaya da na ƙara, lamba talatin da takwas. Na kai wa Anti ofis. Ta ce ita ta tsufa da wannan, me za ta je yi a ƙasa? Bayan awa ɗaya na gan ta tana zagaya tukunyar dafa sabulu, hannu a baya, tana yi wa kowa tambaya.

Litinin, 15 ga Disamba

Na sayi takalmi buɗaɗɗe a kasuwa, ja, lambata. Na faɗa wa mai shagon lambar a gaban mutane. Saboda zafi ne kawai, ba wani abu ba.

An kawo sabuwa ofishin kuɗi, mai shiru-shiru, tana cin abincinta ita kaɗai a tebur. Na ce mata ranar Laraba ta zo bayan lab. Ta ce ita ba ta son zaman gulma. Na ce ni ma haka, ta dai zo. Ina fita na juyo na tambaye ta lamba nawa take sawa.