Bana Babu Buhun Dawa

2 ga Disamba, da dare. Gwagwalada.

Yau na yi dariya, abin da na manta yadda ake yi tun da na bar aikin gwamnati.

Jikata Hauwa ta dawo daga taron tunawa da ƙarshen bauta a jami'arsu, ta tarar ina ɗinke buhun dawar da muke aika wa gidan Alhaji Sule kowace shekara bayan girbi. Kakansa ne ya mallaki kakana. An 'yanta mu tuntuni, buhun ne bai samu labari ba.

Ta ce, "Tsoho, duk bokon nan naka, har yanzu gaisuwar ubangida kake kaiwa? Na fasa aurenka."

Maganar ta soke ni. Na ɗauki waya na kira Alhaji, duk da cewa shi kaɗai ne abokin da ya rage mini. Na ce, "Alhaji, bana babu dawa. Baɗi ma babu."

Ya ce, "Malam Audu, wallahi buhun nan ya daɗe yana ba ni kunya. Bakin hana ka na rasa."

Nan na fashe da dariya. Hauwa ta farke ɗinkin, ta kai niƙa. Tuwon daren nan har ƙari na yi.