Ragar da Oga Ya Sa Na Cire

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, ƙunar hannuna ma tana warkewa, kada ka gaya mata.

Raina a ɓace yake. A nan fagen daga, ɗan jirgi maras matuƙi, wanda kuɗinsa bai kai na babur ɗinka ba, shi ke ƙona mana tankokin yaƙi. Na yi wa tankarmu waldar ragar ƙarfe a sama don ta tare shi. Oga ya ce, "Cire! Kejin kaji muke tuƙawa?" Na cire. Ranar Talata jirgin ya faɗo mana ta sama. Direbanmu, mai 'ya'ya uku, bai fito ba.

Yau Oga ya ce in yi wa sauran tankokin raga, ko kunya babu. Zan yi, amma ban yafe ba.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙaninka.