Muryar Maijidda a Gida Biyu

Zango, Wagadugu
14 ga Afrilu, 2008

Zuwa ga autata Rahama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Karim da yara. Yaya sanyin Marseille, ya sake ku? Mu nan zafi ne, ko tabarma ba ta kwantuwa. Ƙafata tana nan yadda kika bar ta, idon hagu kuma ya ƙara hazo, sai dai godiya.

Akwatin ordinata, wato kwamfuta, da kika aiko ya iso lafiya. Na kira Rasmane, mai gyaran rediyo da tele na Gounghin, ya zo ya buɗe cikinsa. Ya ce zai iya abin da kike so: ya kwashe kaset-kaset ɗin gidan nan, na bidiyo da na murya, ya zuba a ciki, ya haɗa da tele, ina kan kujerata in danna wanda nake so. Na bidiyo ba su dame ni ba, bikinki akwai shi wurin mutane da yawa. Waɗanda suka hana ni sukuni su ne na mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Ba ki yi wayo ba lokacin da gidan waya ya tura ni aiki Dori. Maijidda ba ta rubutun boko, sai ta rufe ɗaki ta yi magana a kaset, ta ba direba ya kai mini. Da Rasmane ya sa ɗaya a rediyo sai wani gari ja-ja ya zubo daga zaren. Ya ce zafi ya cinye su, yawancinsu juyi ɗaya ya rage musu, juyin kuwa na kwashewa ne.

To, a nan na rikice. Ya ce diskin da ke cikin akwatin, wato rumbun da ake zuba abin, ya tsufa, sai an sa sabo. Ya ba ni zaɓi: ko babba guda ɗaya, ko biyu a ɗinke su zama ɗaya mai sauri, ko biyu da ya kira miruwar, madubi ke nan, duk abin da ya shiga wannan ya shiga wancan. Na ce biyu a ɗinke ai sun fi ɗaya ƙarfi. Ya ce a'a, in ɗaya ya mutu duka sun tafi. Na ce to madubin, tunda biyu ne ai wuri ya ninka. Ya ce a'a, wurin guda ne. Ya zana mini a bayan kwalin sukari, ina ta dubawa, ban gane ba. Duk aikina na yi shi da takardar karbon, kuma kullum na san ta sama ita ce ta gaskiya. Nan ya ce babu ta sama, babu ta ƙasa. To wacce ce muryar Maijidda, wacce ce kwaikwayonta?

Ki tambayar mini Karim abin da ya gani. Ki gai da yara.

Mahaifinki,
Illiya

Zango, Wagadugu
27 ga Mayu, 2008

Autata,

Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarku da tarin ƙaramin yaron, Allah ya sa ya wuce. Wasiƙarki ta zo, na bi shawarar Karim, an sa madubin. Yanzu akwatin yana ƙarƙashin tebur yana gurnani kamar mage. Ranar da na fara jin mahaifiyarki tana fitowa daga tele tana cewa Malam ina kwana, na amsa mata kafin in tuna.

Na ɗauka an gama, ashe ba a gama ba. Rasmane ya ce madubi ba ajiya ba ne. Na ce kai ne fa ka sa na saya. Ya ce madubi yana maganin mutuwar diski ɗaya kawai, amma tunda duka biyun a akwati guda suke kwana, ɓarawo ko ruwa ko tsawa za su ɗauke su tare. Sai an samu na uku, ƙarami mai gidansa na roba, ya zauna a wani gida dabam, a riƙa kawo shi ana ƙara masa abin da aka kwashe. Don haka ba zai yiwu in aiko miki shi ba sai an gama kwashewa.

Na zauna ina neman wani gida a raina. Rahama, ban san haka na ƙare ba sai da mai gyaran rediyo ya tambaye ni. Tun da aka rushe unguwarmu ta wajen Koulouba mutane suka watse. Abokina Wada ya rasu. Shitu 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa Kumasi. Maƙwabtana na nan mutanen kirki ne, amma sannu ce kawai tsakaninmu. Na roƙi Rasmane ya ajiye a shagonsa, ya ce shagonsa wurin da abubuwa ke zuwa a lalace ne, ba ya karɓar irin wannan amana. Sai innarki Zulai ta Pissy, ƙanwar mahaifiyarki. Ba faɗa muka yi ba. Tun sadakar arba'in dai ba ta zo ba, ni ma ban je ba, don wadda take haɗa mu ba ta nan.

Ga inda abin ya tsaya mini. Akwai kaset ɗaya, shi ne na fi so duka. A cikinsa Maijidda tana ba ni labarin yadda Zulai ta ari keken ɗinkinta ta karya, ta maido a rufe da zane kamar gawa, ba ta ce komai ba. Tun daga farko har ƙarshe zagin Zulai ne. Tana kwaikwayon muryarta, tana kwaikwayon yadda take jan silifa, tana dariya har tari ya sarƙe ta, ke kuma kina kuka a bayanta. Sauran kaset ɗin gaisuwa ce da labarin farashin gero, tana magana a hankali kamar tana gaban alƙali. A wannan kaɗai ta manta da rediyon. Kullum bayan la'asar shi nake ji.

Yaya zan kai wa mace zagin da 'yar'uwarta ta yi mata, alhali mai zagin tana kabari, babu damar ramawa, babu damar shiryawa? 'Ya'yan Zulai suna da ordinata, na san za su sa mata. Sai na ce wa Rasmane ya zuba komai a ƙaramin diskin ban da wannan. Shi ba ya jin Hausa sosai, bai san me ke ciki ba. Ya ce abin da yake wuri ɗaya ba a ajiye yake ba. Na ce wuri biyu yake, ga madubi. Ya dafe kansa, ya yi abin da na ce.

Na aika wa Zulai da diskin ta hannunsa. Ta aiko mini da dambun zogale, da saƙon cewa ashe tsohon banza yana da rai.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Illiya

Zango, Wagadugu
19 ga Agusta, 2008

Rahama,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni jikina lafiya, kada ki tsorata.

Ranar Talatar da ta wuce da yamma hadari ya taso. Ina alwala a bakin ƙofa sai aka yi wata tsawa da ta sa na saki buta. Da na shiga ɗaki sai ƙaurin roba. Tele ta mutu, akwatin ya yi shiru. Rasmane ya ɗauke shi zuwa shago, ya kai diskin biyu wurin wani da ya fi shi sani, duka suka dawo da magana ɗaya. Sun ƙone tare.

Har yanzu ban gane ba. Abu biyu na saya don in ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya. Na ce masa ko na biyun bai ji tsawar sosai ba, a sake gwadawa. Bai ce mini ai na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Ya ce in kwantar da hankalina, komai yana Pissy. Sai ya tuna da wanda na hana shi zubawa.

Na ɗauko kaset ɗin na asali na sa a rediyo. Maijidda ta ce Malam, bari in ba ka labarin Zulai. Daga nan zaren ya naɗe, na jawo shi a hankali, ya narke a yatsuna.

Ban san abin da zan ƙara ba. Ki gai da Karim.

Mahaifinki,
Illiya

Zango, Wagadugu
8 ga Satumba, 2008

Zuwa ga autata Rahama,

Gaisuwa mai yawa, da barka da shan ruwa. Yaya ibada, yaya yara? Na gode da kiran da kika yi ta wayar maƙwabta. Kada ku sayi sabon akwati tukuna, ku bari in fahimci tsohon.

Na je Pissy. Rasmane ya goya ni a babur, ina riƙe da rigarsa kamar yaro, muka wuce masu fasa dutse har ƙofar gidan. Zulai ta tsufa, Rahama. Ta dube ni ta ce wa ya tono wannan. Diskin yana cikin kwallarta, naɗe da ɗankwali, tsakanin turare da takardun asibiti. Ta ce ta ji kaset ɗin duka, wasu sau da yawa, amma akwai abin da ya dame ta. A duk maganar da yayarta ta yi, ta gai da kowa, ta ambaci mai gero da mai itace, amma ko sau ɗaya ba ta kira sunan Zulai ba. Ta ce tun watan Mayu take kwana da wannan, tana tambayar kanta ko ba ta kai a tuna da ita ba.

Ni da na ɓoye don kada ranta ya ɓaci. Na rasa ta inda zan fara, sai na faɗa mata yadda aka yi, da abin da ke cikin wanda ya ƙone. Na fara neman sandata in tafi. Sannan ta ce in zauna in faɗa mata zagin, kalma bayan kalma, tunda na ji shi har na haddace.

Da azumi a bakina na zauna ina zagin matar mutane a tsakar gidanta. Na ce Maijidda ta ce ke mai hannun ɓarna ce. Zulai ta ce ƙarya nake, Maijidda ba ta magana da ladabi haka, abin da za ta ce shi ne mai hannu kamar kofaton jaki. Wallahi haka ta ce a kaset ɗin, ni ne na sassauta. Na kwaikwayi jan silifar, ta ce ban iya ba, ta tashi ta yi da kanta, ta yi muryar yayarta tana kwaikwayon tata muryar. Na rufe ido. Ba daidai ba ne, amma ya fi tele kusa. Muka yi dariya har ta koma kuka, jikokinta suna leƙe ta taga. Rasmane yana zaune a kan babur bai san me ake yi ba.

A hanya na tambaye shi wannan kuma a wane diski za a sa shi. Ya ce bai gane tambayar ba. Ni ma ban tabbata na gane ta ba.

Zulai ta hana ni diskin. Ta ce gidana ba ya riƙe amana, in ina son jin matata in zo Pissy. Ta kuma ce ta san na rage zagin, rabi kawai na faɗa, in koma ran Juma'a in sha ruwa a can in kawo sauran. Gaskiyarta, akwai maganar haƙoranta da ban faɗa ba. Ki ba ni shawara kafin Juma'a ta waya, in faɗa ko in bari.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya jiƙan mahaifiyarki.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Illiya