Sandar Zafin da Na Bar Muku Ba Haɗi

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku ne, mai gasa kofuna da farantan tangaran. Hankalina ƙalau yake. Hannuwana ne kawai suka fara rawa ba kiɗa. Dogo, kai ne babba, Auta kuma ke ce ƙarama, amma a taurin kai ban san wanda ya girmi wani ba. Ku zauna wuri ɗaya ku karanta wannan.

Na ɗaya. A raba gado yadda addini ya tsara, ban sa baki ba. Roƙona dai kada ku sayar da tanderun. Na ji kowannenku yana neman mai saye a ɓoye don ya huta da ganin ɗan'uwansa, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da wannan da ya kwantar da ni.

Na biyu, maganar sandar zafi, wadda masu sayarwa ke kira tamokopul. Kun tashi kuna ganinta cuse a ramin bangon tanderu, amma ba ku taɓa tsayawa na gama bayani ba. Yau dai ba mai katse ni. A cikinta waya biyu ce, kowace da irin ƙarfenta, an haɗe bakinsu da walda. Idan bakin ya ji wuta, ɗaya ƙarshen kuma yana wuri mai sanyi, sai ɗan ƙaramin lantarki ya samu tsakanin wayoyin, wanda ko ƙuda ba zai girgiza ba. Shi mita ke karantawa ta mayar da shi lamba. Ku lura, bambanci take aunawa tsakanin bakin da ke wuta da ƙarshen da ke waje. Kuma in ƙarfe iri ɗaya kuka haɗa, ko ya yi jawur mita ba za ta motsa ba.

Na uku, rigimarku kan gashin da ya lalace bara, ranar da kofuna suka narke suka manne da juna. Na bi wayar da hannuna bayan kun daina gaisawa. Auta, ke kika ce a matsar da mita kan tebur, nesa da zafi, kuma shawara ce mai kyau. Dogo, waya ta gaza, sai ka ƙara da jan ƙarfen wayar gida, ka murɗe mahaɗin a jikin bangon tanderu, inda ko kyanwa ba ta kwanciya. Ƙarshen da ya kamata ya zauna a sanyi ya ɗau zafi, bambancin ya ragu, mita ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Auta, kin ga wuta ta yi fari ta ramin leƙe, kika ce lamba ba ta ƙarya. Dogo, idonka ya gaya maka an wuce, ka yi shiru don ta ji kunya. To, ta ji, kofunan kuma sun tafi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Daga yau, in za a ƙara waya, a ƙara da irin tata, kuma kada a juya ƙafafunta: kowace waya a haɗa ta da mai irin ƙarfenta.

Na huɗu. Murhun gas na gwaggonku yana da irin wannan sandar, ƙarama, kusa da harshen wuta. Muddin tana jin zafi tana riƙe bawul, wato ƙofar gas ɗin, a buɗe. Wuta na mutuwa ta huce, gas ya rufe. Gwaggo ta fara mantuwa, kuma ta taɓa neman a cire mata ita wai tana ɓata mata lokaci wajen kunnawa. Ko ta yi fushi kada ku cire. Mai burodin bayan layinmu kuma na yi masa alkawarin duba sandar tanderunsa kafin ƙarshen shekara. Ku cika mini.

Na biyar. Tabaraun leƙen wuta na Dogo ne, mitar hannu ta Auta ce. Da gangan na raba haka. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, takan ce ni da ido nake gashi ita da lissafi, kuma ba mu taɓa buɗe tanderu ba sai bakinmu ya zo ɗaya.

Na shida. Sandar da ta daɗe a tanderu ta tsufa, ta fara ƙarya, na cire ta. Sabuwa tana cikin aljihun teburina: na yanka wayoyin, na zura su a bututun tangaran da ke raba su, amma hannuna ya ƙi tsayawa in haɗa bakin. Dogo ya iya walda, sai dai bai san gwaji ba. Auta ta san gwada ta a ruwan ƙanƙara da tafasasshen ruwa, amma ba ta taɓa riƙe walda ba. Kada ku sayo wata, kada ku kira kowa.

Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ga 'ya'yan 'ya'yanku, ya yafe mana baki ɗaya. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini. Ku riƙe gwaggonku, ku riƙe juna. Tanderun nan a sanyaye na bar shi, kuma haka zai zauna har ranar da ɗaya ya riƙe wayar, ɗaya ya haɗa.