A Maido Mana da Yekuwar Baba Arzika

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Garinmu, da wakilan shiyoyi masu zama tare da shi.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar lafiyarku da ta iyalanku, ina yi muku barka da ɗawainiyar jama'a. Ni ce Saratu, matar Malam Nomau na Shiyar Marina, wadda ta koyar da 'yan mata karatu da ɗinki a makarantar garin nan shekarun baya. Ban taɓa rubuto wa Majalisa takarda ba sai yau. Biyu na rubuta. Ɗaya don a karanta a zamanku na ranar Litinin, ɗayar kuwa na roƙi maigida ya manna ta a allon sanarwar da kuka kafa bakin ofis. Ta farkon nake sa wa rai. Ta biyun na san ba mai karanta ta, kuma kukana ke nan.

Na san wanda zai tsaya gabanku da takardar nan. Magatakardanku ɗana ne na fari, saboda haka ba zan kama sunansa ba. Ya karanta ta duka, da murya a sarari, kada ya tsallake inda ta taɓa shi.

Na farko, abin da ya faru. Ƙarshen damina kuka zauna kuka yanke cewa an daina yekuwa. Kuka sallami Baba Arzika, wanda tun ina yarinya shi ke kewaya gari yana shelar duk abin da magabata suka yanke, kuka ce daga yanzu a rubuta a takarda a manna a allo. Talatar makon jiya mai lamba ya zo daga Sakkwato don yi wa yara rigakafin agana. An rubuta ranar zuwansa, an manna, ban musa ba. Ya zauna gindin itacen bedin ofis tun hantsi har la'asar. 'Yan makaranta aka koro masa, da 'ya'yan masinja, da wasu ƙalilan da iyayensu maza suka ci karo da shi. Daga Shiyar Marina ko yaro ɗaya bai je ba, don ba gidan da ya ji. Ya ɗaure kayansa ya tafi, kuma na sami labari ya rubuta wa manyansa cewa matan garin nan ba su son lamba. Wannan ƙazafi ne, amma ba shi na ɗora wa laifi ba. Abin da ya gani ya rubuta.

Cikin waɗanda ba a yi wa ba har da jikata Balkisu, 'yar wata takwas, ɗiyar wanda ya rubuta sanarwar da hannunsa. Ya manna ta, washegari ya bi Uban Ƙasa rangadi wajen Rabah, bai faɗa wa kowa a gida ba, don a ganinsa an riga an sanar. Da ya dawo na kira shi ɗakina na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ai an manna ga allo." Na ce, matarka allo take dubawa, ko tukunya? Na ce ya koma ya sa a gyara. Ya ce, "Inna, abin da anka rubuta ga littahin Majalisa ba ni ka kankare shi ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na zo gare ku.

Na biyu, ina so in tuna muku mene ne yekuwa, don na ga alamar kun manta tun da kuka hau kujeru.

Baba Arzika yakan fito bayan la'asar, lokacin da mata suke gida ana daka. A shiyarmu wuri uku yake tsayawa: bakin marina, da gindin tsamiyar Alhassan, da kusurwar masallaci. Zai buga 'yar gangarsa sau uku, sai ka ji turame sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen shiya. Har yau ina jin wannan shirun a kunnena. Sa'an nan ya ɗaga murya: "Jama'a, Sarki ya gaishe ku! Yac ce in hwaɗa muku..." Ko kurma ce a ƙuryar ɗaki, sai maƙwabciya ta shiga ta gaya mata.

An ce mini hujjar da aka kawo a zamanku ita ce yana ƙara nasa a kan abin da aka aike shi. Yana ƙarawa kam. Shekarar da aka ce a ɗaure dabbobi saboda shuka ta fito, da ya iso bayan gidan marigayiya Inna Kulu sai ya ce, "A ɗamre awaki, a ɗamre tumaki, hadda wagga mai hwarar ƙahwa da ba ta jin magana kamar uwargijiyarta!" Inna Kulu ta ɗago murya daga bayan danga ta ce, "Arzika, kai wa za shi ɗamre ka?" Shiya duka ta ɗauki dariya. Kafin magariba ba akuyar da ba a ɗaure a turke ba. Ku gaya mini takardar da ta taɓa sa aka ɗaure akuya.

Amma babban abin da kuka rasa ba muryarsa ba ce, kunnensa ne. In ya gama faɗa ba ya tafiya. Yakan jingina da danga ya ce, "To, iyayena, mi kunka ce?" Mace ba ta zuwa fada, ba ta zama a Majalisa, ba ta da wakiliya. Ta bayan dangar nan muke magana, shi kuwa ya kwashe ya kai. Wata shekara aka sa ranar yashe rijiyar shiyarmu ta faɗo daidai da bikin suna a gida biyu. Mata suka ce masa, da wane ruwa za a yi girki? Da safe ya kai maganar, aka ɗaga da kwana uku. Haka aka yi da aka so a mai da mahauta kusa da inda muke wanki a bakin gulbi. Wasunku na zaune a wurin lokacin, sun san ba ƙarya nake yi ba. Allonku yana faɗa wa wanda ya iya karatu, in ya zo, in ya tsaya. Amma ba ya ji, ba ya kai saƙo.

Na uku, kada wani ya ce tsohuwa ce mai ƙin zamani. Na yi makarantar 'yan mata a Sakkwato lokacin da ake zagin iyayen da suka bari aka kai 'ya'yansu. Ni na koya wa magatakardanku baƙi da wasali kafin ya ga ƙofar aji. Ina son rubutu, ina son a ajiye abin da aka yanke a littafi don kada a yi musu gobe. Amma ku lissafa da kanku, a shiyarmu mata nawa ke karanta boko? In kun cire ni da wasu biyu da na koyar, kun gama. Mu ukun ma, wace ce za ta ratsa mazan da ke zaune bakin ofis ta tsaya tana karanta allo? Kun ɗauki maganar da ta shafi goyo kun rataye ta inda mai goyo ba ta zuwa. Wannan ba ci gaba ba ne, ganda ce aka sa wa riga.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni haƙuri. Na san agana, ba labarinta na ji ba. Ina 'yar shekara tara ta shiga gidanmu. Ƙanena ya tafi cikin kwana goma sha biyu. Ƙanwata Amo ta tashi, amma ba idanu. Tana nan Achida gidan ɗanta, har yau da lalube take gane ni. A wancan lokacin mai lamba bai iso mana ba sai bayan an gama binnewa, kuma na tuna iyayenmu da yawa sun ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu don tsoron tsagar. Baba Arzika ne ya warware wannan tsoron. Shekarar da aka sake zuwa yin lamba, ya bi shiya-shiya da hannun rigarsa a naɗe yana nuna tabon nasa ta kan danga, yana cewa, "Ku duba, ga ta, ni mutu?" Tun daga ranar matan garin nan ba su sake ɓoye yaro ba. Yau su ake rubutawa wai ba su son lamba.

Yanzu masu kai albasa Goronyo suna dawowa da maganar cewa ciwon ya ɓullo a ƙauyukan gabas. Ban gani da idona ba, ina roƙon Allah ya sa ƙarya ce. Amma jakunan masu albasar nan kullum a hanya suke, kuma kowace ranar kasuwa baƙi na kwana a zaurukanmu. Kullum na ɗauki Balkisu sai na duba goshinta da tafin hannunta kafin in yi mata wasa.

Na san aikinku da yawa: gyaran kwalbati, rabon rumfunan kasuwa, rigimar makiyaya da masu fadama, tsaftar mahauta. Na san an yanke maganar yekuwa a ƙarshen zama, ana gaggawar tashi salla, ba wanda ya yi gardama. Ba mugunta kuka yi ba. Amma mutum goma sha biyu sun zauna, kowannensu uwa ta goya shi, kowannensu da mata a gida, ba ko ɗaya da ya ce, su kuma fa ta ina za su ji? Wannan abin kunya ne gare ku, kuma ya fi zama abin kunya gare ni, don nawa na ciki, alƙalami a hannunsa.

Ga abin da nake roƙo.

Ku rubuta yau, ba zama na gaba ba, a roƙi mai lamba ya dawo, ku kuma faɗa wa manyansa gaskiya cewa sanarwa ce ba ta isa ba, a wanke matan garin nan.

Ku aika a kira Baba Arzika. Yana nan yana saƙar igiya a ƙofar gidansa, gangar na rataye a zaure. Ƙafa ta yi nauyi amma murya na nan. Ku ba shi haƙuri, don an sallame shi ba ko sannu da aiki.

Ku bar allonku, ban ce a cire ba. A rubuta, a manna, sa'an nan a yi yekuwa. Kuma a sa cikin tsarin zamanku cewa kafin a tashi, a tambayi mai yekuwa abin da aka ce masa ta bayan danga, a rubuta shi cikin littafin nan da ba a kankarewa.

In kuwa ranar kasuwa mai zuwa ta wuce ba mu ji komai ba, na riga na nemi izinin maigida ya ba ni. Zan goya jikata in kama hanyar Wurno da ƙafa zuwa ɗakin shan magani, kuma mata bakwai na shiyarmu sun nemi nasu izinin sun ce za su bi ni da nasu goyon. Hanyar ta bakin ofishinku ta bi. Ba za mu ce muku komai ba, gaisuwa kawai za mu yi mu wuce.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana, ya ba wakilai basirar tuna waɗanda ba su zaune a ɗakin, ya tsare 'ya'yanku da namu daga wannan ciwo, ya sa ku gama da jama'a lafiya.

Wassalam.

Taku mai biyayya,
Saratu, matar Malam Nomau,
Shiyar Marina.