Ɗan Yayana Yana Zuwa Ganin Uban da Muka Binne

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe, ni ma ban raga wa kaina ba. Ni direba ne, ina ɗaukar fasinja daga Jibiya zuwa Maraɗi in dawo, ina da mata da yara huɗu. Wata goma sha tara ke nan ina yaudarar ɗan yayana. Yana can ƙasar Norway yana zaton da ubansa yake magana, alhali ubansa yana kabari. Saura sati biyar ya sauka a Kano don ya ga uban nasa.

Ga yadda abin ya faro. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bi ta Agadas yana saurayi, ya yi ta gaba har Allah ya kai shi Norway. Can ya auri 'yar ƙasar suka haifi namiji, zan kira shi Yunusa. Yaron yana shekara biyar auren ya mutu, takardun Yaya suka ƙare, aka sako shi a jirgi da jaka ɗaya. Ya dawo ya kafa keken ɗinki a Magama kusa da shingen kwastan, bai ƙara aure ba, kuma in ka kawo masa zancen yaron sai ya ƙara wa keke gudu. Shekara goma ba labari. Rannan kawai yaron da kansa ya nemo shi ta intanet. Ranar na ga Yaya, ƙato da gemu, yana kuka a gaban masu jiran ɗinki.

Ashe yaron ɗan wasa ne. Ba ƙwallon ƙafa da muka sani ba, wani wasa ne da ake kira hoki, a kan ƙanƙara ake yin sa. Suna sa takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa su riƙa sulalawa, kowa da sandarsa mai lanƙwasa, suna bin wata baƙar roba da ba ta fi murfin gwangwani girma ba. Mu a tasha dariya muke yi. In ce masa, "Yaya, ɗan naka ga sanda ya samu, shanun ne dai babu." Shi kuma ya ce, "Kai da santsin bakin rijiya ke kayar da kai, mi ka sani?" Ba wanda Yaya bai nuna wa bidiyon yaron ba, har jami'an shinge sun haddace lambar rigarsa. Kuma suna da wata al'ada tsakaninsu. Kafin kowane wasa yaron zai rubuto, "Baba, addu'a," Hausar da ya fara iyawa ke nan. Sai Yaya ya ajiye almakashi ya ɗauki saƙon murya: Allah ya tsare, Allah ya ba da sa'a, Allah ya raba ka da rauni, ya ƙara da 'yan kalmomi a yarensu na can. Yaron ya ce ba ya taka ƙanƙara sai ya saurara.

Da daminar bara waccan ciwon hanta ya kwantar da Yaya. Ya rame har ya daina yarda da kiran bidiyo, yana cewa sabis ne ba kyau, kuma a wajenmu wannan ba abin musu ba ne. Daidai lokacin wata babbar ƙungiya ta kira Yunusa gwaji na sati biyu, yana da shekara goma sha tara. In ya ci, wasan ya zama sana'arsa ke nan. Wata Talata bayan la'asar, a asibiti a Katsina, Yaya ya damƙa min wayarsa ya ce, "Kak ka hwaɗa mashi sai ya gama gwajin ga. Kwana goma ya rage. Ka yi mani wannan." Na ce to. Kafin magariba ya cika.

Washegari mun dawo daga maƙabarta ke nan wayar ta yi ƙara a aljihuna. "Baba, addu'a." Me zan ce? In yi shiru ya shiga gwaji hankali a tashe? Tun muna yara ko Inna, mahaifiyarmu, ba ta iya rabe muryata da ta Yaya in muna bayan katanga. Mutane na zaman makoki a ƙofar gida, ni na zagaya baya na ɗauki murya. Sau huɗu ina gogewa saboda kuka, na biyar na tura. Ya amso, "Amin Baba."

Ya ci gwajin. Nan alƙawarina ya ƙare, nan ya kamata in faɗa masa, saboda haka duk abin da ya biyo baya nawa ne, kada kowa ya ɗora wa mamaci. Amma ya turo hotonsa riƙe da sabuwar riga da sunan kakanmu a bayanta, baki har kunne, na ce bari ya ɗan more farin cikinsa. Sai aka fara kakar wasa, suka ajiye shi a benci wata biyu, yana rubuto cewa koci ko kallonsa ba ya yi, na ce ba yanzu ba, yana cikin damuwa. Sai ya ci ƙwallonsa ta farko, na ce ba yau ba. Sai sanda ta fasa masa baki ta zubar da haƙora biyu, na ce wa ke gaya wa majinyaci mutuwa? In yana murna kada in ɓata, in yana baƙin ciki kada in ƙara. To yaushe ke nan? Na zauna na saurari tsofaffin saƙonnin Yaya ɗaya bayan ɗaya, na koyi inda yake jan numfashi da yadda yake gyaran murya. Da yaron ya tambayi me ya sa na daina yi masa yarensu, na ce so nake ya koyi Hausa, kuma wallahi ya je ya nemi malami ya fara koya. Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce ni ma ina so. In na tsayar da mota bayan mun wuce shinge, inda layin Nijar ke kamawa da kyau, na buɗe baki na yi addu'ar nan, sai in ji kamar Yaya bai tafi ba.

Ga ɓangaren da ya fi ci min rai. Ranar addu'ar uku Inna ta tambaye ni a gaban dangi ko an sanar da yaron. Na ce an sanar. Ta ce, "Mi ya ce?" Na ce bai amso ba tukuna. Ta jira bakwai, ta jira arba'in. Duk wanda ya shigo gaisuwa, daga ƙauyukan Farfaru da Kusa, har danginmu na Maraɗi, sai ya tambaya, "Ɗan nashi na Turai ya aiko?" Inna sai dai ta sunkuyar da kai. Bayan arba'in ta sa aka sauke hotonsa daga bangon ɗakinta, ta ce, "Ubanshi ya mutu da sunanshi a baki, shi ko gaisuwa ta gagare shi. Ba ni da jika can. Kak a sake kira mani sunanshi cikin gidan ga." Ina tsaye a wurin, wayar tana aljihuna, da saƙon da yaron ya turo da safe yana cewa a gaida masa kakarsa, yaya ciwon ƙafarta. Har yau in 'yan tasha suka tuna da shi cewa suke yi ɗan Turai bai san uba ba, ni kuma in gyaɗa kai. Wane irin mutum ne ni?

Watan jiya ya turo wani dogon saƙon murya, rabi Turanci rabi Hausarsa mai ɗingishi. Ya ce tun yana ƙarami yake zaton ubansa ya gudu ne don ba ya son sa. Ya ce ko bayan sun shirya akwai abin da ke tokare a ƙirjinsa, har in ya banki abokin karawa a fili wani lokaci ubansa yake tunawa. Sai kwanan nan mahaifiyarsa ta buɗe masa wata tsohuwar jaka, ya ga takardun da Yaya ya yi ta rubutawa yana roƙon a bar shi kusa da ɗansa. A ƙarshe ya ce da Hausa, a hankali, ka ji an yi ta bitar maganar, "Baba, na yafe maka. Kai ma ka yafe min." Shekara goma sha huɗu Yaya yana jiran wannan magana, ya mutu bai ji ta ba. Ni na ji ta, a cikin mota, fasinja na can suna jira a duba takardunsu. Kuma na amsa. Na ce na yafe maka ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wa ya ba ni wannan izini? Ranar na kasa tuƙi, sai wani abokin aiki na roƙa ya ƙarasa da su Maraɗi.

Yanzu ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da riƙe shi, wasanni kaɗan suka rage a rufe kakar wasa, shi kuma ya yanki tikitin zuwa. Ya ce yana so ya kwana a ɗakin Baba, ya durƙusa gaban kakarsa ya gaishe ta da Hausa. In na gaya masa ta waya, da wace murya zan faɗa, tunda ita ce dai muryar da ya sani? Zai ƙara yarda da wani ɗan Adam daga garin nan? In na bari ya sauka, daga filin jirgi maƙabarta zan wuce da shi? Inna kuma tana da hawan jini. Ta yaya zan zauna gabanta in ce jikan da ta cire daga ranta bai yi laifin komai ba, ni ne? In ban faɗa mata ba, ranar da ya yi sallama a ƙofar gida korarsa za ta yi, bai san dalili ba.

Na san na ci amanar rayayye, na wuce gona da iri a kan amanar mamaci, kuma ba neman a wanke ni nake ba. Ina son yaron nan kamar ni na haife shi, kuma ni ne na fi kowa cutarsa. Shekaranjiya ya rubuto, "Baba, na daɗe ban ga fuskarka ba. Turo min sabon hoto, kada in wuce ka a filin jirgi." Kwana biyu ke nan ban amsa ba, yau da safe ya sake tambaya ko lafiya.

Jama'a, don Allah, me zan yi?