Abin da Aka Zuba a Tafkin Dangoma

Zuwa ga ɗana Attahiru, a bakin Bahar Maliya.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan nutsonka. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Za ka tuna zuwanka Gwandu da ƙaramar sallar bara, ranar da mutanen Dangoma suka zo gaisuwa suka cika mini zaure. Ka ba su labarin aikinka: wata halitta mai ƙaya, mai siffar tauraro, wadda ke cinye murjani a ƙarƙashin teku har ya koma fari fat. Ka ce kuna nutsawa da doguwar allura, ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ku tsira wa kowace magani a jikinta. Ka kuma ce, ina ji da kunnena, "Ba a zuba wa ruwa, domin ba ruwa ne ya yi laifi ba."

Sun tafi da farkon maganar, ƙarshenta kuwa suka bar shi a zauren.

Ka san tsargiya ta daɗe tana damun 'ya'yansu, kuma malamin asibiti ya shaida musu dodon koɗin tafki ke kawo ta. Da lokacin kamun kifi na shekara ya gabato, Sarkin Ruwa ya hana kowa jefa homa domin kifi ya taru. A cikin kwanakin hanin nan suka zuba maganin feshin auduga a babban tafki, tunda ba mai shiga ruwan. A ganinsu wannan shi ne taka-tsantsan.

Na je na gani da idona. Tarwaɗa da karfasa sun juya ciki sama, tun daga gaɓa har tsakiya. Shanun Arɗo Jaɓɓi da suka sha da safe, ba duka suka koma ruga ba. Mata suka kwashe kifin suka yi banda, aka kai kasuwar Kalgo. Na wuni a can ina hana mutane saye, ana cewa tsufa ne ya kama ni. Dodon koɗin kuwa yana nan manne a jikin ciyawa.

Yanzu sun ce maganin ne ya yi kaɗan. Sun yanke shawarar ƙara yawansa bayan girbi, a ƙaramin tafki, wanda daga shi suke ɗiban ruwan sha. Na yi musu bayani dalla-dalla. Sarkin Ruwa ya amsa cikin ladabi cewa ni alli na riƙe duk rayuwata, kai ne ka ga ƙasan ruwa.

Saboda haka ka nemi izini ka zo. Ban taɓa kiranka gida ba, ko lokacin da aka yi mini aikin ido. Yau ina kiranka, ɗana, domin bakinka kaɗai za su ji. Gero ya riga ya fara fid da kai.

Allah Ya fito da kai daga kowane nutso lafiya, Ya kawo ka kafin a kai magirbi gona. Amin.

Mahaifinka,
Malam Buhari, tsohon hedimasta.